Shekarar da Na Dafa Iri

Bana ruwa ya gwada mana halinsa. Ya sauko sau biyu a farkon damina, kowa ya ruga gona, sai ya ɗauke kusan sati uku. Da safe hadari ya haɗu ta gabas har mata su kwashe shanya, kafin azahar iska ta watsa shi. Shekaranjiya ya dawo da gaske, jiya kuma na jiƙa irin shinkafa a babban baho. Da na gama na rufe da faifai, na ɗora dutse, na tara matan gidan nan kaf na ce musu wannan iri ne, kada wadda ta taɓa. Suka yi ta dariya, domin duk shekara sai na yi wannan shela. Ƙananan cikinsu ba su san abin da ya sa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Surukata 'yar ƙasar Filifin ce. Ta zo Gummi tana budurwa, cikin malaman da aka ɗauko daga can su koyar da lissafi da kimiyya a makarantar 'yan mata. Sauran suka gama wa'adinsu suka koma gida, ita ta auri wani malamin makaranta ɗan garin, ta zauna. A gari Malama ake ce mata. Mu na gida Inna muke cewa, jikoki kuma Lola, wai haka ake kiran kaka a yarensu. 'Yar ƙaramar mace ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, amma in tana tafiya sai kin haɗa da ɗan gudu kafin ki cim mata. An ce lokacin aurenta dangin miji har malami suka kawo ya musuluntar da ita. Ta saurare shi cikin ladabi, da ya gama ta karanta masa Tabaraka daga farko har ƙarshe, ta ce a kudancin ƙasarsu tun kakannin kakanni ake salla. Malamin ya sha ruwa ya yi sallama.

Lokacin da aka kawo ni gidan, mijinta ya rasu, ita kuma ta bar aiki. Amma barin aiki a wurin Inna suna ne kawai. Kullum bayan la'asar zauren gidan cike yake da matan aure da 'yan mata, kowace da littafi da fensir. Ni ma ko lallen ƙafata bai goge ba ta tambaye ni aji nawa na tsaya. Na ce aji shida. Ta ce to gobe in shigo zaure, aure ba ya hana raba goma gida biyu. Maigidana, ɗanta na biyu, yana koyarwa a wani ƙauye wajen Anka, sai ƙarshen mako yake zuwa. Saboda haka yawancin kwanaki daga ni sai ita, sai jikokin da 'ya'yanta mata kan aiko su kwana biyu.

Tsoronta nake ji, ba zan ɓoye ba. Ba ta faɗa, ba ta zagi, amma komai nata a tsare yake, hatta ludayi yana da ƙusarsa. Ni kuwa 'yar Gwashi ce, na tashi a gidan gero da dawa, kuma ina ganin duk abin da na taɓa a gidan nan ban yi daidai ba. Babban burina a watannin farko shi ne in yi abu ɗaya da za ta kalla ta ce madalla.

Shekarar ta zo da wuya. Daminar da ta gabata gulbi ya yi ambaliya ya kwashe shinkafar fadama tana gab da nuna, mutane da yawa ko dami ɗaya ba su kai gida ba. Geron tudu aka yi ta lallaɓawa har rani ya fita. Kafin sabuwar damina ta kankama rumbunmu ya kai ƙasa, in na shiga ɗibar hatsi sai na durƙusa ina tattarawa da tafin hannu. Ga azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ruwa ya sauko, aka yi shuka, ya ɗauke. Zafin da ya biyo baya mai danshi ne, irin wanda zufa ke tsattsafowa ko kina zaune a inuwa, zane ya manne a jiki. Da hantsi leɓe ya bushe, da la'asar idanu su riƙa ganin abu biyu. Buɗe-bakinmu kunun tsamiya ne tsararo da kwaɗon tafasa ko rama, wata rana zogale. Tuwo sau ɗaya, malmala ƙanana, Inna ta raba da hannunta, kuma kullum nata ne ya fi ƙanƙanta. In na yi magana sai ta ce cikinta ɗan ƙarami ne, daidai jikinta.

Duk fatan gidan yana kan gonar fadama da marigayi ya bari. In ta yi shinkafa mun tsira, in ba ta yi ba za mu shiga shekara ta biyu hannu wofi. Maƙwabta sun watsa irinsu tun ruwan farko, na wasu ya ƙone, na masu ƙasan kwari ya tsira. Inna ta ƙi taɓa nata. Kullum da safe ta fita tsakar gida ta kalli sama, ta tsuguna ta damƙi ƙasa ta murza, ta ce da saura. Ni ban ma san inda irin yake ba, ban taɓa ganinsa ba. A ɗakinta yake, cikin tulu, bakin a shafe da laka.

Ranar sha ɗaya ga azumi ruwa ya dawo. Tun la'asar ya fara, aka sha ruwa yana zuba, gari ya waye yana yayyafi. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, kwaɗi suka ɓarke da kuka ta bayan katanga. Washegari da sassafe aka aiko an yi rasuwa a unguwar da ke bayan kasuwa, wata tsohuwar ɗalibar Inna. Inna ta yafa mayafi ta fita da sauri.

Ina shara sai na ga baho a bayan madafi, an rufe da buhu. Na ɗaga. Shanshera ce, shinkafa mai ƙaiƙayinta, a jiƙe, ta kumbura. Raina ya yi fari. A wurinmu in ka ga shanshera cikin ruwa, magana ɗaya ce, gumi za a yi: a jiƙa, a turara a kan wuta, a shanya, sannan a casa. Gwaggona sana'arta ke nan, tun ina ƙarama nake hura mata wuta, kuma na iya. Ban taɓa jin ana jiƙa iri ba, iri a bushe ake watsa shi. Na ce a raina, ashe Inna ta samo mana shinkafa, rasuwa ce ta hana ta ƙarasawa. Yau kam za ta dawo ta tarar an gama.

Wallahi ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar na ranar ba. Itace jiƙaƙƙe ne, na yi ta fifita har hayaƙi ya sa ni hawaye. Na tsane shinkafar, na zuba a babbar tukunya, na rufe da buhu. Na tsaya a kanta har ƙaiƙayin ya fara tsagewa yadda ake so. Rana ta ɗan leƙo, na shimfiɗa tabarmi biyu na baza, ina bi da yatsu ina jan layi don ta sha iska. Wani ƙamshi ya tashi wanda ban taɓa ji a shinkafa ba, har sai da na ji tsoron azumina. Na yi wanka, na sake zane, na zauna ina jira.

Bayan azahar ta shigo. Tun daga zaure na ji tafiyarta ta tsaya. Ta ƙaraso a hankali, ta tsaya a bakin tabarma. Na ce, "Sannu da zuwa, Inna. Na ga kin jiƙa ba ki samu turarawa ba, shi na nit taya ki."

Ta tsuguna ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta matsa da farce. Ta ɗauki wata daga can gefe, ta matsa. Ta tashi ta je ta leƙa bahon, ta leƙa tukunyar, har buhun ta karkaɗe. Sannan ta ce, "Duka kid dahwa, Rabi?"

"Duka, Inna."

"Iri na, ɗiyata," in ji ta. "Shi kaɗai ar rage muna."

Na zube a wurin. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ita kuwa ta shige ɗaki ta saki labule. Na daɗe ina jin motsin carbinta, daga baya na ji ta tayar da salla, ta idar, ta sake tayarwa. A ranar mata suka zo karatu na ce musu babu. Na shiga ɗakina na fara ɗaure kayana a zane, domin na riga na yanke cewa da asuba zan bi motar kasuwa in koma Gwashi. Wadda ta dafa abincin shekara guda a tukunya ɗaya, da wane ido za ta kalli mutanen gida?

Gab da magariba ta ɗaga labulena. Idanunta sun yi ja, amma muryarta daidai take. Ta kalli ƙullin kayan, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Taso ki casa muna kwano guda," ta ce. "Tunda ta zama abinci, sai a ci. Kuma kin iya gumi, ko ɗaya ba ta karye ba."

"Inna, ki yahe mani."

"Ni ad da laihi. Shekara nawa ina koyarwa, in aje abu ban yi bayani ba? Garinku ba a jiƙa iri. Garinmu ana jiƙa shi kwana guda, a ruhe shi da buhu har shi tsiro, a shuka wuri guda, in ya yi tsawon hannu a cire a dasa. Gobe ki rubuta shi cikin littahinki."

Haka aka yi buɗe-baki da tuwon shinkafa, karo na farko cikin watanni. Ina ci ina kuka, kuma abin kunya, daɗinsa bai hana ni ji ba. Yunwa ba ta da ta ido. Inna ta ci loma uku ta wanke hannu.

Da maigidana ya dawo ranar Juma'a, ta tare shi tun a zaure. Ban ji abin da ta ce masa ba. Ya shigo fuskarsa a ɗaure, ya kalle ni. Abin da ya ce kawai shi ne Inna ta nemi izni in riƙa raka ta fadama, kuma ya yarda.

Neman iri a lokacin ba shi da amfani. Wanda bai shuka nasa ba ya riga ya cinye, kuma ko an samu, kwanakin damina sun ja. Dabarar da Inna ta yi ita ce wannan. Masu watsa iri da hannu, shukarsu ba ta fita daidai, wani wuri ya yi fili, wani wuri ya cunkushe har tsiron ya shaƙe juna. Ta ce za mu bi gona gona mu roƙi a bar mu mu rage cunkoson, mu kai namu mu dasa. Matar da ko gishiri ba ta taɓa aikawa a karɓo mata a maƙwabta ba, ita ce ta ɗaura zane ta shiga gaba.

Gonar farko ta wani Malam Ɗanjumma ce, babban mutum mai furfura a gemu. Yana hango ta ya ajiye fartanya ya rusuna. Ashe matarsa da 'ya'yansa mata uku duk a zaurenta suka koyi karatu. Ta yi masa bayani. Ya sosa ƙeya.

"Malama, a tumɓuke shinkahwa kuma ta rayu? Ba mu taɓa gani ba."

"In ta mutu, tawa ta mutu. Taka kuwa za ta sha iska. Ka bar ni in gwada maka kunya guda."

"Kunya guda? Ki ɗebi abin da kika so. Amma mi as samu naki irin? Ke da ba ki wasa da iri."

Na sunkuyar da kai ina jiran a faɗi sunana.

"Mun cinye shi," in ji ta. "Azumi ya yi tsanani."

Ya yi dariya ya ce ashe Malama ma mutum ce. A duk gonar da muka je amsar da ta bayar ke nan, kuma har ta bar duniya ba wanda ya ji wata daga bakinta.

Kwana tara muka yi muna wannan aiki. Mu fita bayan sallar asuba, laka har ƙwauri, sanyinta yana ratsa ƙashi da safe, da hantsi kuma ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka. Ta koya mini yadda ake kama tsiro daga gindi a ja shi a karkace don kada saiwa ta tsinke, a wanke lakar, a ɗaure dami dami. Mu ɗauko a ka zuwa gonarmu. Can ta ja igiya mai ƙulli ƙulli daga wannan gefe zuwa wancan, kowane ƙulli a dasa tsiro biyu ko uku, a ja da baya taki ɗaya, a matsar da igiya. Bayana ya riƙa ciwo har ruku'u ya zama aiki. Matsattsaku suka sha jinina. Abin da ya fi wuya shi ne ƙishirwa, kina tsaye cikin ruwa tun safe, yana sheƙi a gabanki, ba halin kai ko ɗigo baki. Inna tana gefena, shekarunta sun ninka nawa sau uku, hannunta na tafiya kamar mai tsintar tsaba, tana karatu a hankali da wata irin ƙira'a tasu mai ja. In na tsaya ina haki sai ta ce, "Saura ƙulli bakwai. Bakwai sau layi huɗu, nawa ke nan?" Ko a cikin laka ban tsira daga lissafi ba.

A rana ta huɗu muka tarar da mata shida a bakin gona, tsofaffi da zawarawa, duk 'yan zaurenta. Suka ce sun ji Malama na shuka shinkafa da igiya, sun zo kallo. Kallon bai daɗe ba suka tattare zane suka shigo. Layinsu ya karkace kamar tafiyar maciji, Inna ta sa aka cire aka sake, suna ta mita suna dariya. Maza masu wucewa suka riƙa tsayawa a kan kunya suna girgiza kai. Kwana uku bayan dashe duk gonar ta yi rawaya ta kwanta, na ce shi ke nan, na kashe ta sau biyu. Inna ta ce in ba ta mako guda. Ranar jajibirin salla muka je, ta miƙe tsaye, kore shar, layi layi.

Sai dai gona ce ta roƙo, daga gonaki goma sha wani abu, kowace da irinta. Da kaka ta zo abin ya zama abin kallo. Wata doguwa, wata gajera, wata ja, wata fara, wata ta nuna har tana zuba, ta kusa da ita ko ciki ba ta gama ba. Ba dama a sa lauje. Sai da muka bi ta zangarniya zangarniya da 'yar wuƙa, muka yi girbi sau biyar. Ba ta kai ta shekarun albarka ba, amma ta cika rumbu har wuya, kuma ta kai mu wata damina.

Ranar da aka fara tuƙa tuwon sabuwar shinkafa maigidana yana gida. Na kai masa ɗaki. Ya kai loma, ya tauna, ya janye hannu. Na tambaye shi ko miya ce ba ta yi ba. Ya ce a'a, ƙamshin ne babu, tun yana yaro bai taɓa cin sabuwar shinkafa marar ƙamshin nan ba. Na matsa masa. Ya ce Inna ta hana shi faɗa, amma yanzu an yi girbi. Irin da na dafa, mahaifinta ne ya ƙulla mata shi a ƙyalle ranar da za ta baro gida, cikin tafin hannu ɗaya, daga gonarsu. Ba ta sake ganin mahaifin ba, wasiƙa ce ta kawo labarin rasuwarsa. Shekara talatin da wani abu tana shuka irin tana ware na baɗi. Waɗanda ta taɓa ba wa, ambaliya ta kwashe nasu. Bayan salla ma sai da ta aike shi Bukkuyum da Anka wurin mutum biyu, duk ba a dace ba.

Ban san yadda na isa ɗakinta ba. Tana zaune a kan buzu, tabarau a hanci, tana duba littattafan matan zaure da jan biro. Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarta, kukan da na yi ya fi na ranar farko. Ta bar ni sai da na gaji.

"Ya hwaɗa maki ke nan," ta ce. "Tun yana yaro bakinai ba ya riƙe magana."

"Inna, don mi ba ki gaya mani ba? Abin babanki na."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ta yi kuka, ba za ta yi mini ƙarya ba, ranar ji ta yi kamar an sake kawo mata wasiƙar. Ta ce tana cikin sujada tana roƙon Allah Ya ba ta haƙuri, sai ta ji motsina ta bayan bango ina jan akwati.

Ta dafa kaina da ɗan hannunta, duk ya yi kanta saboda aikin fadama.

"Iri ya riga ya tahi, Rabi, ko na yi hwaɗa ba ya dawowa. In na gaya maki ranan nan, da asuba kina cikin mota. Ni kuwa ban iya rasa ubana da ɗiyata rana guda."